Babi na Biyar: An Kama Ɓarawo, To Mai Kaya Fa?

Duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa caji ofis, ko ya kwana a barandar asibiti yana jiran a fito da majinyaci daga ɗakin tiyata, ya san wannan tambaya: to, shi wanda aka zalunta wa zai ɗauki nauyinsa? Mai laifi idan ya shiga hannu, gwamnati ce ke ciyar da shi a gidan gyaran hali, motarta ce ke kai shi kotu, idan laifin mai girma ne kuma ba shi da halin ɗaukar lauya sai a nema masa. Haƙƙinsa ne, ba kuma mai kiran a janye masa. Amma wanda aka sara, da wadda aka yi wa fyaɗe, da matar da aka kashe wa miji aka bar ta da yara, su ke yankar katin asibiti, su ke biyan kuɗin ɗinki da na jini, su ke neman kuɗin mota duk ranar da aka sa za a zauna a kotu. Jama'a za su zo jaje, a ce Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri, a tura abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashin kai. Bayan mako guda ƙafa ta ɗauke, a bar mutum da ciwonsa da bashinsa.

Yaya aka yi tsarin shari'a ya manta da mutumin da aka kafa shi dominsa? Ƙasashen da suka tuna da shi kuma, me suka yi, da waɗanne ma'aikata, da wane kuɗi?

Ba da sunansa ake shari'ar ba

A ce wani matashi ne ke tuƙa adaidaita sahu. Mashin ɗin ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum da daddare. Bayan isha'i mutum uku suka tare shi, suka ce ya kai su wata unguwa a bayan gari. Da aka shiga duhu suka zare wuƙa, suka yanke shi a hannu, suka tafi da mashin da waya da cinikin ranar. Kafin gari ya waye abubuwa huɗu sun taru a kansa. Likita ya ce jijiya ta taɓu, sai an yi aiki. Mai mashin yana jiran bayani, idonsa kuma bai gama yarda ba. A gida ba a yi cefane ba. Shi kansa duk wanda ya taho ta bayansa sai gabansa ya faɗi.

A ce kuma an yi sa'a an kama ɗaya daga cikinsu. Ranar da aka shiga kotu magatakarda zai miƙe ya kira shari'a: Kwamishinan 'Yan Sanda da wane, ko kuwa Jiha da wane. Sunan direban ba ya ciki. Shi shaida ne na farko. Zai faɗi abin da ya faru, lauyan wanda ake tuhuma ya yi masa tambayoyi, a ce ya sauka. Idan an ɗage zama, sau da yawa sai ya zo ya ji da kunnensa, bayan ya bar neman abincin ranar. Idan an ba da beli ba lallai a sanar da shi ba, yana iya haɗuwa da mutumin a bakin kasuwa. In an ci tara, kuɗin asusun gwamnati zai tafi.

Wannan tsari daga Ingila muka gaje shi, kuma yana da hikimarsa. Ana ɗaukar laifi a matsayin keta haƙƙin al'umma baki ɗaya, don haka hukuma ce ke gurfanar da mai laifi. Ta haka aka rage ramuwar gayya, aka kuma ɗauke wa talaka nauyin ɗaukar lauya kafin a hukunta wanda ya cuce shi. Sai dai da hukuma ta karɓi faɗan, sai ta riƙe hukunci ta saki jinya. Ɗaurin shekara bakwai da za a yi wa mai wuƙa ba zai haɗa jijiyar hannun direba ba.

Tunanin ba baƙo ba ne

Bahaushe bai buƙaci a koya masa cewa wanda aka cuta yana da haƙƙi a aljihun wani ba, domin ya san diyya. A shari'ar Musulunci, magada ke da ta cewa a kan jinin ɗan'uwansu, raunuka ma kowanne da ƙimarsa. Idan kisan kuskure ne, dangin mai laifi ta wajen uba su ke haɗa diyyar, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya, kuma kada iyalan mamaci su tashi hannu rabbana.

Abin da ya fi dacewa da batunmu shi ne lokacin da ba a san wanda ya yi kisan ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abdullahi ɗan Sahlu, sahabin da aka tsinci gawarsa a Haibara. Danginsa ba su ga wanda ya kashe shi ba, ba a kuma sami hujjar da za a kama wani da ita ba. Manzon Allah (SAW) bai yarda jinin ya tafi a banza ba, ya biya diyyar raƙuma 100. Malamai da dama sun yi hukunci cewa inda babu wanda za a ɗora wa diyya, baitulmali ne ke biya. Ma'ana, asusun al'umma shi ne madogara ta ƙarshe ga wanda aka zalunta.

Turai ta daɗe kafin ta iso nan. Wata Baturiyar Ingila mai suna Margery Fry, wadda ta yi alƙalanci ta kuma ƙarar da rayuwarta wajen neman gyaran gidajen yari, ita ta matsa a kan maganar a shekarun 1950. Ta kawo misalin wani mutum da wasu biyu suka yi wa dukan da ya makantar da shi. Kotu ta yanke masa diyyar fam 11,500, ta ce su riƙa biyan sule biyar-biyar a mako. Da aka yi lissafi, sai ya rayu fiye da shekara 400 kafin ya karɓi kuɗinsa cif. Hujjarta a fili take: galibin masu laifi ba su da abin biya, saboda haka jingina diyya a kansu yaudarar kai ne. Ta rasu a 1958 ba ta ga sakamako ba. Ƙasar New Zealand ce ta fara yin doka a 1963, Birtaniya ta biyo baya a 1964, jihar Kalifoniya ta Amurka a 1965. A ranar 29 ga Nuwamba, 1985, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da sanarwar da ta tattara haƙƙoƙin waɗanda aka yi wa laifi: a saurare su a mutunta su, mai laifi ya mayar da abin da ya ɓata, gwamnati ta yi ƙoƙarin biya idan shi ya gaza, sannan a ba su magani da shawara da tallafin rayuwa.

Dokokin da ke hannunmu

A takarda Najeriya ba ta yi baya ba. Sashe na 78 na kundin Final Kod, wanda Arewa ke aiki da shi tun 1960, ya ba alƙali damar sa mai laifi ya biya wanda ya cuta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙarfafa wannan, jihohi kuma sun yi nasu irinta. A shekarar dai aka sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane da ake kira VAPP, wadda ta fito ƙarara ta ce wanda aka ci zarafinsa yana da haƙƙin samun kulawar likita, da ta masu kwantar da hankali, da taimakon lauya, da gyaran rayuwa. A Abuja ta fara aiki, daga baya galibin jihohi suka ɗauka. Hukumar yaƙi da fataucin mutane, NAPTIP, wadda aka kafa a 2003, tana da gidajen da take ajiye waɗanda ta ceto, dokarta ta 2015 kuma ta tanadi asusu na musamman dominsu. Sai dokar 2017 da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi mai raunin harbin bindiga nan take, ko da takardar 'yan sanda ko babu, ba tare da jiran a ajiye kuɗi ba.

Dokoki ne masu kyau, amma a duba inda suka tsaya. Diyyar da alƙali zai yanke tana jiran abubuwa huɗu su jeru: a kai ƙara, a kama mai laifi, a same shi da laifi, sannan a tarar yana da dukiya. Tun a matakin farko ake zubar da yawancin mutane. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2024 ya nuna cewa cikin gidajen da aka yi wa fashi, kusan kashi 36 cikin 100 ne kaɗai suka kai rahoto wurin 'yan sanda. An yi ta muhawara a kan alƙaluman wannan bincike, amma wannan ɓangaren bai ba kowa mamaki ba. Manomin Zamfara ko Katsina da ya sayar da gona da shanu ya fanso 'ya'yansa daga daji, wace kotu ce za ta sa ɗan bindiga ya biya shi?

Dokar masu raunin harbi ma tana da nata giɓin. Ta umarci asibiti ya yi aiki, amma ƙaramin asibitin kuɗi da ya zuba jini da ruwa da kayan tiyata yana son sanin wanda zai mayar masa idan majinyacin ba shi da ko sisi. Muddin babu amsa tabbatacciya, za a ci gaba da jin "a wuce da shi gaba, ba mu da gado."

Ƙofa ɗaya

Inda aka fi ganin amfanin tsari a ƙasar nan shi ne cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Ta farko ita ce Mirabel, da aka buɗe a 2013 a asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja. Daga nan aka sami Waraka a asibitin Murtala da ke Kano, da cibiyoyin Salama a Kaduna da Zariya da Kafanchan, da Nana Khadija a Sakkwato, da wasu a jihohi daban-daban.

Don a gane darajarsu, a bi uwar da ta lura 'yarta mai shekara tara tana tafiya da ƙyar, ta lallashe ta har ta faɗi abin da ya faru. Abu na farko da zuciyarta za ta raya mata shi ne ta dafa ruwan zafi ta gasa yarinyar, ta wanke kayan da ke jikinta. Ƙauna ce ta sa, amma da wannan ruwan shaida ke tafiya. Idan maigida ya yarda a fita da maganar, za a fara da caji ofis, yarinya ta ba da labari a gaban kanta, mutane na shiga suna fita. A ba su takarda zuwa asibiti, su bi layin kati, ta sake ba da labari. A tura su ɗakin gwaji, a ce a dawo gobe. Kowace ƙofa da kuɗinta, kowace ƙofa da sabon kunnen da zai ji sirrin gidan. Da yawa a ƙofa ta biyu suke juyawa su ce sun bar wa Allah.

Alhali lokaci na gudu. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da cutar ƙanjamau bayan irin wannan ta'asa dole a fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa bai wuce kwana biyar ba. Iyalin da suka kwana uku suna shawara da kawu da baffa sun riga sun rasa na farkon.

A cibiyar da ke aiki yadda ya kamata, ɗaki ɗaya ake shiga. Nas ce za ta tarbe su, a duba yarinya a rufe, a ba ta magani, a rubuta rahoton likita yadda kotu za ta karɓa, mai ba da shawara ta zauna da uwa da 'ya har numfashinsu ya daidaita, a ba su ranar dawowa. Ba a karɓar ko kwabo. Idan iyali sun zaɓi zuwa kotu a haɗa su da lauya, sau da yawa daga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Afirka ta Kudu ta riga mu a wannan hanya da cibiyoyinta na Thuthuzela, waɗanda suka haura 50, kuma hukumar gabatar da ƙara ta ƙasar ce ke jagorantarsu.

Matsalar ita ce yawa. Jihar da ke da mutum miliyoyi, da ƙananan hukumomi 20 ko 30 ko 44, ta dogara da cibiya ɗaya ko 'yan ƙalilan a manyan birane. Yarinyar da ke ƙauye mai nisan awa uku a kan babur, awa 72 ɗinta a hanya da neman kuɗin hanya za ta ƙare. Sannan irin wannan ƙofa ga laifi ɗaya aka buɗe ta. Direban adaidaitarmu ba shi da tasa.

Wa ke zaune a bayan ƙofar?

Yanke kintinkiri a buɗe gini abu ne na yini ɗaya. Abin da ke da wuya shi ne a sami mutum a ciki da ƙarfe biyun dare ranar Asabar, domin laifi ba ya bin lokacin ofis.

Aikin yana buƙatar mutane iri-iri. Akwai likita ko nas da aka horar ta san yadda ake ɗaukar shaida, kuma ta yarda ta je kotu ta tsaya a yi mata tambayoyi. Likitoci da yawa na gudun wannan, domin yini guda a kotu yini ne da aka bar marasa lafiya, ga shi kuma ana ta rasa likitoci zuwa ƙasashen waje. Akwai mai kwantar da hankali, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum fiye da miliyan 200. Akwai jami'in walwala, wanda kusan kowace ƙaramar hukuma tana da shi a tsarin ma'aikatanta, amma sau da yawa ba babur, ba kuɗin mai, ba ko katin waya. Akwai 'yar sanda mai kula da teburin mata da yara, wadda za a kashe kuɗi a horar, bayan wata shida a yi mata canjin wurin aiki a kawo wanda bai taɓa zama da yaron da ke cikin firgici ba. Wajibi ne kuma a sami mata da yawa a cikinsu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma akwai maganar da yarinya ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

A ganina akwai ma'aikaci guda da rashinsa ya fi kowanne ciwo: mai rakiya. A Ingila akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, su riƙe hannun wanda aka ci zarafinsa tun daga ranar kai rahoto har ranar hukunci. Su ke kiransa su ce an ɗage zama kada ka fito, su ke gaya masa an ba da beli, su ke nuna masa yadda ɗakin kotu yake kafin ranar shaida. A cibiyoyin Thuthuzela ma akwai jami'in da ke bin fayil har kotu. Wannan aiki ba ya buƙatar digirin likita. Yana buƙatar horo, da amana, da albashin da ke zuwa ƙarshen wata.

Kada kuma a manta su ma mutane ne. Wadda ke sauraron labarin fyaɗe biyar a rana, shekara da shekaru, tana komawa gida da su a ƙirjinta. Idan babu mai sauraronta, babu hutu, albashin kuma na kwangila ne da ke iya yankewa, wata rana za ta ajiye aikin, ta tafi da ƙwarewar da ba a saya a kasuwa.

Daga ina kuɗin zai fito?

A nan ake yin ta, kuma ƙasashe sun bi hanyoyi mabambanta.

Birtaniya daga baitulmali take biya. Hukumar da ke kula da wannan, mai hedikwata a Glasgow, tana da jadawalin raunuka, kowanne da kuɗinsa, daga fam 1,000, kuma jimillar abin da mutum ɗaya zai samu ba ta wuce fam 500,000. Sharaɗi shi ne an kai rahoto ga 'yan sanda, an ba su haɗin kai, an kuma nema cikin shekara biyu. Ba a jiran sai an kama kowa. Tun 2007 kuma kotunan Ingila da Wales ke ɗora wa masu laifi wani ƙarin kuɗi a kan hukuncinsu, wanda ake zubawa a ayyukan tallafa wa waɗanda aka zalunta.

Faransa ta bi ta inshora. A 1986, bayan hare-haren bam a birnin Paris, ta kafa asusu domin waɗanda ta'addanci ya shafa, a 1990 ta faɗaɗa shi zuwa sauran laifuka. Duk wanda ya yi wa gida ko mota inshora yana biyan 'yan Yuro kaɗan a shekara a cikin asusun. Asusun ya biya wanda aka cuta tukuna, sannan ya bi mai laifi ya karɓo abin da zai iya.

Labarin Amurka ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin yana da daɗi a farko da gargaɗi a ƙarshe. A 1984, zamanin shugaba Ronald Reagan, aka kafa asusun waɗanda aka yi wa laifi, aka ce ba za a taɓa harajin jama'a ba: tarar da kotunan tarayya suka ci masu laifi da kuɗin belin da aka ƙwace su za a riƙa zubawa. Daga nan ake raba wa jihohi, wani kaso su biya kuɗin asibiti da jana'iza da albashin da mutum ya rasa, wani kaso su riƙe gidajen fakewa na matan da ake duka, da cibiyoyin yara, da layukan waya na neman agaji. Mai laifi ya biya jinyar laifi. Wa zai ƙi wannan?

Sai dai mafi yawan kuɗin daga 'yan manyan shari'o'in kamfanoni yake fitowa, irin tarar Dala biliyan 2.8 da aka ci kamfanin Volkswagen a 2017 saboda maguɗin gwajin hayaƙin motoci. A waccan shekarar abin da ke cikin asusun ya haura Dala biliyan 13, a 2018 majalisa ta amince a fitar da kusan biliyan 4.4. Daga nan masu gabatar da ƙara suka ƙara karkata ga sasantawa da kamfanoni ba tare da an kai ga hukunci ba, kuɗin sasantawar kuma babban asusun gwamnati yake tafiya. Asusun ya fara ƙafewa. A 2021 aka gyara doka don a juyo da waɗannan kuɗaɗe, duk da haka abin da aka amince a fitar a 2024 bai kai biliyan 1.4 ba. Cibiyoyi suka rage ma'aikata, wasu suka taƙaita ayyuka, alhali masu buga ƙofa ba su ragu ba. Asusun da ya dogara da tara kaɗai kamar noman da ya dogara da ruwan sama ne: shekarar da damina ta yi kyau rumbu ya cika, shekarar fari kuwa yara ba su daina jin yunwa ba.

Mu a nan hanyoyi biyu muka fi sani, kuma duka biyun sun fi wannan rauni. Ta farko gidauniya. A Yulin 2014 shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da asusun tallafa wa waɗanda ta'addanci ya shafa, ƙarƙashin Janar T.Y. Ɗanjuma. A daren ƙaddamarwar an yi alƙawarin sama da Naira biliyan 50, abin da ya shiga hannu kuwa bai kai alƙawarin ba. Asusun ya yi ayyukan da aka gani a Arewa maso Gabas, na asibitoci da makarantu da jarin mata, amma kuɗin gidauniya sau ɗaya ake tara shi. Ta biyu tallafin waje. Da yawa cikin cibiyoyin da muka ambata da kuɗin Birtaniya ko na Tarayyar Turai aka kafa su, ƙarƙashin shirye-shirye masu wa'adin shekara huɗu ko biyar. Mun gode musu. Amma wanda ya ga yadda Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na waje a farkon 2025 ya san ba a ɗora lafiyar 'ya'yanmu a kan zaɓen wata ƙasa.

Akwai ta uku, wadda ba ma lissafa ta a matsayin tsari: ziyarar gwamna. An kai hari, labari ya cika rediyo, a zo da shinkafa da ambulan, a ce gwamnati ta ɗauki nauyin jinya. Taimako ne na gaske ga waɗanda ya iske. Amma yana bin girman labari. Mutum 40 da aka kashe rana ɗaya za a je musu. Mutum 40 da aka kashe ɗaya bayan ɗaya a lunguna wajen ƙwacen waya, iyalansu ba za su ga kowa ba. Abin da ya dogara da tausayin shugaba kyauta ce, kuma ba a kai ƙarar wanda bai yi kyauta ba.

Abin da jiha ɗaya za ta iya

Za a ce gwamnatin da ke fama da albashi ina ta ga kuɗin wannan, kuma asusu irin wannan ai sabuwar kafar sata ce. Duka biyun abin dubawa ne. Sai dai ko ƙasashe masu arziki ba sa biyan komai. Yawancinsu ba sa biyan wayar da aka sace ko motar da aka ɗauke. Rauni da rai suke dubawa. Jiha na iya farawa da abu uku: jinyar gaggawa ga duk wanda aka ji wa rauni, kuɗin mota da na abinci ga shaidar da aka kira kotu, da ɗan tallafi na 'yan watanni ga gidan da aka kashe wa mai nema. Kuɗin jinya a tura wa asibiti kai tsaye bisa rasit, kada ya bi ta hannun kowa, a kuma riƙa buga lissafin duk wata uku kowa ya gani.

Keɓe kuɗi ta hanyar doka ba sabon abu ba ne gare mu. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga kiwon lafiya na matakin farko, kashi 5 cikin 100 na wannan kuma na jinyar gaggawa ne. Hukumar TETFund da harajin ribar kamfanoni take gina jami'o'i. Legas ta yi doka a 2021 ta mayar da rundunarta ta yaƙi da cin zarafi cikakkiyar hukuma mai ma'aikatanta. Abin da zan ba da shawara shi ne albashin ma'aikata da maganin cibiyoyi su zauna a kasafin kuɗi na kowace shekara, kamar na malaman makaranta. Kason tara, da na dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi, da gudummawar attajirai da hukumomin zakka su zo a matsayin ƙari, su faɗaɗa aikin idan sun samu, kada ya tsaya idan sun yanke.

Ko da an yi duk wannan, saura tambayar da kuɗi ba ya amsawa. Me ya sa uban da aka ɓata wa 'ya zai je da ƙafarsa ya ce ya janye ƙara? Wa ya zo masa da daddare, me aka ce masa, nawa aka ajiye? Babi na gaba zai shiga zauren mai unguwa da ofishin Hisba, mu ga yadda ake sulhu: inda yake dawo wa mutum da haƙƙinsa da sauri fiye da kotu, da inda ake amfani da shi a rufe bakin mai rauni.